Muryar Da Ke Gaban Yatsunta

Shekara talatin da huɗu Farfesa ta yi tana koyar da kiɗan fiyano a jami'a, tana kuma hawa dandamali a garuruwa daban-daban, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama ta saurari kaset ɗin wasanta ba. Takan ce wa ɗalibanta, wanda ya dafa abinci ba ya bin baƙi gida ya ga yadda ya zauna musu a ciki. In ta tashi daga kujera ta rusuna wa jama'a, to wasan ya wuce.

A shekarar da za ta yi ritaya, shugaban sashe ya sa a tattaro tsofaffin kaset-kaset ɗin a juye su cikin kwamfuta, a ba ta kyauta ranar wasanta na bankwana. Aikin ya faɗa kan Injiniya, mai kula da ɗakin ɗaukar sauti, wani mai ƙiba da ƙarancin magana wanda shi ma saura shekara biyu ya ajiye aiki. Wata Talata da hantsi, saura sati uku a yi wasan, ya tare ta a ƙofar aji.

"Ranki ya daɗe, in kina da minti goma, akwai abin da nake so ki ji."

"In kurakuraina ne, na san su. Ni na yi su."

"Ba kuskure ba ne."

Ɗakinsa ba taga, an lulluɓe bangon da soso mai tudu da kwari kamar kwalin ƙwai. Ya ba ta abin sauraro ta rufa a kunnuwanta, ya danna. Ta ji kanta tana da shekara ashirin da tara, tana kiɗa da ƙarfin hali. Sai Injiniya ya murɗa wani abu, fiyanon ya ja baya, wani sauti ya taso daga ƙarƙashinsa. Muryar namiji ce, ƙasa-ƙasa, yana rera kiɗan da hanci, bakinsa a rufe.

Ta ɗaga abin daga kunne ɗaya. "Wani ne cikin 'yan kallo. Da minshari ne ma da na ce mijina ne."

Injiniya bai yi dariya ba. "Ni ma haka na zata. Amma makirfon a cikin fiyanon ake sa shi, ƙarƙashin murfi, dab da tsirkiya. Tarin 'yan kallo can nesa kike jin sa, kamar daga rijiya. Wannan kuwa a nan yake." Ya dafa kafaɗarsa ta hagu. "Kusa da ke."

Ya sa mata wani kaset, na wani gari, wani zaure, wanda wani injiniya daban ya ɗauka. Muryar tana nan. Ya sa na shekara goma bayan haka, ta ɗan yi kauri. Na shekara ashirin, ta dushe. A na bara, mai muryar yana tsayawa ya ja numfashi a tsakiyar layi, sau biyu kuma ya yi tari a hankali, irin tarin wanda ba ya so ya dami mutane.

"Kaset sittin da ɗaya," in ji Injiniya. "Babu wanda ba ya ciki. Kuma tsufa yake yi, ranki ya daɗe. Tare da mu."

Ya juyo mata da allon kwamfutar. Layuka biyu ne masu hawa da sauka, ɗaya na fiyano, ɗaya na muryar. Ya aza alƙalami a kan tudu ɗaya, ya gangaro da shi zuwa layin ƙasa.

"Duba nan. Ba bin ki yake yi ba. Shi ne a gaba, da kamar ƙiftawar ido."

Na ƙarshen da ya sa mata, ta san ranar sarai. Wani babban zaure ne, shekara goma sha takwas da suka wuce, inda kanta ya ɗauke tsaf a tsakiyar kiɗa, ta zauna hannuwa a sama ba ta san abin da ke gaba ba, can kuma yatsun suka faɗa daidai wurin. Ta sha ba ɗalibai labarin nan don su san amfanin bita, tana cewa hannu ba ya mantuwa. Yanzu a cikin shirun nan ta ji muryar ta rera layin sau ɗaya. Fiyano bai amsa ba. Ta sake rerawa, a hankali, kamar mai nuna wa makaho matakala. Sannan fiyanon ya shigo. A wurin hutu na gaba, mai muryar ya ƙirga bugu uku da harshe, ƙas, ƙas, ƙas.

Farfesa ta cire abin sauraron ta ajiye a kan tebur. Ta gode wa Injiniya, ta ce tana da aji. Ba ta da aji. Ta zauna a mota a wurin ajiye motoci, rana na dukan gilashi, tana jin sanyi har cikin ƙashi.

Mijinta likitan dabbobi ne da ya riga ta yin ritaya, kowa Likita yake ce masa, har ita. Ta same shi a baranda yana cire wa tsohon karensu kaska. Ta zauna a kan matakala ta ba shi labarin da ba ta taɓa ba shi ba.

Kafin jami'a, ita da wani saurayi su biyu ne ɗaliban wata tsohuwar malamar kiɗa da suke kira Tsohuwa. Fiyano ɗaya gare ta, kujera ɗaya doguwa, saboda haka tare take zaunar da su, ita a dama, shi a hagu. Bahago ake ce masa. Ita kuma ya sa mata Gaggawa, don kullum sai ta tsere wa kiɗa. Shi aibinsa ɗaya, ba ya iya kiɗa sai yana rerawa da hanci, yana ƙirga hutu da harshe. Tsohuwa ta buge masa hannu da fensir har ta gaji. Takan ce, "Ke yatsu, shi kunne. Da za a zuba ku a turmi a daka, da an sami makaɗi ɗaya."

Da aka buɗe gurbin karatu guda ɗaya tak a wata babbar makaranta ta nesa, su biyun suka je jarrabawa. Tsoro ya sa Bahago ya rera har muryarsa ta danne fiyanon, ɗaya daga cikin alƙalan ya rufe baki da takarda yana dariya. Ita aka ɗauka. Shi ya kama aikin ɗaurin littattafai a wata maɗaba'a. Ya rubuto mata wasiƙa huɗu, ta amsa. A ta biyar ya rubuta cewa, jiya da safe kin yi gudu a shafi na uku, kuma kin tsallake maimaici. Gaskiya ne kuwa, kuma ita kaɗai ce a ɗakin bita a ranar, da teku tsakaninsu. Ta ce wa kanta cinta ce kawai, wanda ya san halinka ai zai iya cinta. Amma ta cusa wasiƙar cikin wani littafi, ba ta sake rubuta masa ba. Shekara arba'in da uku ke nan.

Likita ya jefa kaska cikin gwangwanin kananzir. "To ki neme shi mana."

"In ce masa me? Na ji ka a kaset?"

"Ki ce masa sannu. Ko saniya ce da sannu ake fara taɓa ta."

"Bayan wasan," in ji ta.

Amma ba ta iya jira ba. Ranar Alhamis da safe ta sa Injiniya ya kafa makirfo a babban zauren jami'a, kujeru ɗari huɗu ba kowa, hasken rana na shigowa ta manyan tagogi. Ta leƙa ƙarƙashin fiyanon, ta ji kunyar kanta, ta zauna. Ta kama kiɗan da za ta buɗe wasan da shi. Tana kasa kunne, ba ta jin komai sai fiyano da ƙarar fanka. A tsakiyar wani layi, ba tare da shiri ba, ta ɗage hannuwanta ta naɗe su a ƙirji. Ta ƙirga ashirin. Sannan ta tashi.

A ɗakin Injiniya suka saurara tare. Inda fiyanon ya yanke, muryar ta wuce da sauti biyu, ta tsaya. Aka ji numfashi, mai kauri, mai ɗan shaƙewa. Ta koma ta rera layin daga farko, ta jira. Ta sake. Daga nan shiru ya yi tsawo, har Injiniya ya miƙa hannu zai kashe. Sai wata dusasshiyar murya ta buɗe baki, dab da makirfo, ta ce, "Lafiya?"

Injiniya ya janye hannunsa ya sa a aljihu. Can ya ce, "Ranki ya daɗe, ni dai aikina sauti ne. Abin da ya shiga makirfo shi nake ɗauka. Ban san komai ba, kuma ba zan faɗa wa kowa ba."

Likita ne ya yi cigiyar. Wasiƙar tana nan cikin littafin, da adireshin maɗaba'ar a bayan ambulan. Maɗaba'ar ta canza hannu sau biyu, amma wani tsohon ma'aikaci ya ba shi lambar 'yar Bahago. Ranar Asabar suka kama hanya da sassafe, tafiyar awa huɗu, ko murfin fiyano ba ta buɗe ba.

Gidan a hawa na biyu yake, saman wani shagon sayar da fenti. Wadda ta buɗe ƙofa mace ce mai kimanin shekara talatin da biyar, da rigar aikin kantin magani a jikinta. Ita ce autarsa, Auta kuwa suke kiranta. Ta gaishe su da ladabi, amma ta daɗe tana kallon hannuwan Farfesa.

"Mama, ke ce mai fiyanon," ta ce. "Da Baba Likita ya kira bai faɗi rana ba. Amma yau da Baba ya ga bakwai ta wuce shiru, ya ce in share falo, baƙuwa na hanya."

Bahago yana kishingiɗe a gado kusa da taga, an tara masa matasai a baya, siririn roba ya ratsa ƙarƙashin hancinsa zuwa wata doguwar tukunyar iska a gefen gado. Saurayin da ta sani mai faɗin kafaɗa ya zama ɗan tsoho kamar an wanke shi ya tsuke. Hannuwan ne kawai ba su canza ba, manya, da tabon allura da zare a yatsu.

"Gaggawa," ya ce.

"Bahago."

"Shekaranjiya kin ba ni tsoro. Na ce ko faɗuwa kika yi."

Ta zauna a kujerar da Auta ta jawo mata. Duk jawabin da ta shirya a mota ya gudu. Ta ce, "Sannu." Daga bakin ƙofa Likita ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Tun watan da kika tafi. Ina cikin ɗinkin wani ƙamus sai abin ya zo. Kamar atishawa yake, ba a riƙe shi." Ya huta. "Ba na jin fiyanon. Kiɗan kawai nake ji yana zuwa, ina kuma jin inda kike cikinsa. In kin yi gudu in ji ana ja na. In kin ɓata in ji igiyar ta saki."

"To wa ke jan wani? Injiniyanmu ya ce kai ne a gaba."

"Da ina da ƙuruciya na so in yarda da haka." Ya yi murmushi. "Ƙafa biyu, wace ce ke jan wace? Duk wadda kika kalla ita ce a gaba."

"Ban amsa wasiƙarka ba."

"Ni ma da an aiko min irinta ba zan amsa ba. Bar wannan. Gaya min, kiɗan nan mai doguwar wutsiya da kika koya shekarar da aka haifi Auta, wa ya rubuta shi? Shekara talatin da biyar ina son in san ko mutumin yana da hankali."

Suka yi ta hira har kusan awa guda, tana faɗa masa sunayen kiɗe-kiɗen da ya haddace bai taɓa ganin takardarsu ba. Ya san ranar da ta yi wasa da zazzaɓi. Ya san wanda take ƙi amma take yi don jama'a na so. Ba wanda ya taɓa sanin wannan, ko Likita. Tana dariya, amma gashin jikinta bai kwanta ba.

Da tari ya sarƙe shi, Auta ta gyara masa robar, ta ce, "Mama, zo ki taya ni ɗauko shayi."

A kicin ba ta kunna wuta ba. Ta jingina da firji ta naɗe hannu.

"Tun da na buɗe ido, daga shida zuwa tara na safe ba a yi wa Baba magana. Ba ya ji. Idonsa a buɗe, hannunsa na aiki, amma ba ya nan. Wani lokaci da yamma ma abin ya kama shi, awa ɗaya da rabi, ya tashi sharkaf da gumi. Ya kama shi a wurin bikin yayata, a gaban surukai. Ya kama shi ranar da ake sallamar mahaifiyarmu daga asibiti. Ta kai shi wurin likitoci har ta haƙura. Kafin ta rasu takan ce, a duk zamansu wata huɗu ne kawai ta same shi cikakke. Wata shekara ce, daga farkon zafi."

Farfesa ta lissafa a zuci. Shekarar da ta haifi ɗanta ke nan, aka yi mata aiki, likitoci suka hana ta zama a kujerar fiyano.

"Ba ƙorafi nake yi ba, Mama. Ke ba ki sani ba. Amma huhunsa ya ƙare. Duk safiya in ya gama, leɓensa sai ya koma shuɗi, in ƙara masa iska har ƙarshen abin murɗawa. Likitansa ya ce ya daina waƙar nan, kamar da gangan yake yi. Yau da ba ki taɓa fiyano ba, ya ci abinci ya cinye." Ta sunkuyar da kai. "Na ji an ce kina da babban wasa. Awa nawa ne?"

"Ɗaya da rabi."

"Ba zai kai ba."

Suka koma ɗaki da shayin da ba a dafa ba, wato hannu rabbana. Bahago ya dube su ya gane.

"Ta gaya miki ko? Kada ki saurare ta. Shekara arba'in da uku ina bita, sai ranar bankwana za a ce in zauna a benci?"

"Baba," in ji Auta.

"Ke dai magani kika sani. Gaggawa, ki yi wasanki. Duka. In na tsaya a hanya ki wuce, ai kin iya gudu."

Suka shiga mota, suka yi rabin hanyar gida. Sannan Likita ya ce, shi a aikinsa ya ga dabbobi da yawa da suka fi son su mutu a tsaye, amma bai taɓa ganin wanda ya ji daɗin zama sanadi ba.

Sati biyun da suka rage ba ta yi bita ba. Tana shiga aji ta koyar da baki, in ɗalibi ya ce ta nuna masa sai ta ce yatsunta na ciwo. Ta je ofishin shugaban sashe ta ce an canza tsari, tsofaffin ɗalibanta shida ne za su yi wasan, ita za ta rufe da abu ɗaya. Ya yi magiya, ya ce an riga an buga takardun gayyata. Ta ce a sake bugawa. Ta kuma ce wa Injiniya in an zo kanta ya kashe na'urarsa. Ya ce dama ya yi niyya.

Ranar wasan, ƙarfe huɗu na yamma, zauren ya cika har da na tsaye. Da aka zo kanta ta zauna, ta gyara kujera, ta ɗauki wani ɗan gajeren kiɗa mai sanyi da Tsohuwa ta fara koya musu, wanda yara ke gamawa cikin minti uku. Ita minti bakwai ta yi. A ƙarshen kowane layi takan ɗaga hannu ta jira, tsawon jan numfashin mai ciwon ƙirji, ta ƙara kaɗan, sannan ta ci gaba. Da farko mutane suka riƙa duban juna. Daga baya tari ma ya ɗauke. Wata mata a layin gaba ta faɗa daga baya cewa ta tsinci kanta tana numfashi tare da hutun, kuma ta rantse ba ita kaɗai ba ce, kamar dukan zauren ƙirji ɗaya ne.

A bayan dandamali ta kira Auta.

"Ya yi, Mama. Leɓensa bai canza ba. Ya ce in gaya miki rowa kika yi masa, amma tun da yake bai taɓa samun wurin shan iska a kiɗanki ba sai yau."

Da suka koma gida ta kulle murfin fiyanonta, ta ba Likita makullin. Ya sa a akwatin kayan aikinsa, tare da almakashi da allurai.

Bahago ya ɗan farfaɗo. Ya fara zama a falo, har ya sauka ƙasa sau biyu ya ga titi. Farfesa kuwa safiya ta zame mata fili ba iyaka. Ta gyara lambu, ta jera littattafai, ta dami Likita har ya ce zai nemi aikin gadi.

A wata na biyu, tana yankan albasa da rana, wuƙar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Yatsunta suka baje a kan katakon suka fara tafiya, a tsare, hagu da dama, wani kiɗa da ta yi shekara ashirin rabonta da shi. Ta so ta dunƙule hannun, ya ƙi. Ta tsaya tana kallon su kamar hannuwan wata, har suka gama. Da suka sake ta, ta ɗauki waya.

"Auta, me babanki yake yi?"

"Yanzu ya gama 'yar waƙarsa. Kaɗan ya yi, don kansa, ya ce kewa ta dame shi." Auta ta sassauta murya. "Mama, ba ke kika fara ba?"

"Fiyanon a kulle yake."

Daga nan abin ya riƙa zuwa mata sau ɗaya ko biyu a sati, minti biyu, minti biyar. Ya zo mata a layin asibitin ido, a kan cinyarta. Ya zo mata tana riƙe da jikarta, dole ta miƙa ta ga uwarta da sauri. Ta daina tuƙi. Ta ce wa Likita yanzu ta ɗanɗana cokali ɗaya na abin da mutumin nan ya sha da tulu.

A wata na bakwai, wata Litinin da safe suna karyawa, hannunta na hagu ya ture kofin shayi ya kama bakin tebur. Na dama ya bi shi daga baya. Ta kasa kunne ga abin da yatsun ke bugawa a kan katako, tana neman ta gane shi, ta kasa. Ba ta taɓa koyon wannan ba, ba ta taɓa jin sa a wurin kowa ba. Hagun ne ke ɗauke da waƙar, daman na raka shi, kuma ba gaggawa a cikinsa ko kaɗan. Likita ya ajiye burodinsa. Shayin da ya zube ya gangara ya riƙa ɗiga a ƙasa, ba wanda ya motsa. Aka yi minti tara ana haka. Sai a tsakiyar wani layi da ke hawa sama, hannuwan biyu suka tsaya cak, yatsa ɗaya a ɗage. Ta jira. Ta ji sun yi nauyi, sun dawo nata.

Likita ya tashi ya ɗauko makullin mota ya sa takalmi. Yana ɗaure igiyar na biyu wayar ta yi ƙara.

Bayan sun dawo daga ta'aziyyar Bahago da kwana uku ta karɓi makullin fiyano. Ta zauna da takarda da fensir ta rubuta abin da yatsun suka riƙe na safiyar nan, kafin ya gushe. Ya ba ta shafi biyu da rabi. Ta kwafe da kyau ta aika wa Auta, ta rubuta a sama cewa na babanta ne.

Sauran kiɗe-kiɗenta suna nan a kanta, ba wanda ya ɓata, amma yanzu sai ta nemo kowane sauti da kanta kafin ta taɓa shi. Shafin da a da take haddacewa kafin azahar, yanzu yakan ci mata kwana goma. Gayyata biyu ta zo daga wasu garuruwa, ta ba su haƙuri. Tana koyar da mutum huɗu a gida, cikinsu har da wani direban bas mai ritaya da ya ce tun yana yaro yake sha'awa.

Shafi biyu da rabin nan kuwa takan buga su yawancin safiya. Ta gwada ƙarasa su ta hanya bakwai ko takwas, duk ta goge. In ta iso inda layin ke hawa, nan take ɗaga hannu. Rannan Likita, daga baranda, ya ce tsayawar nan tana sa shi jin kamar ya taka matakalar da babu.

"Ki sa masa ko sauti ɗaya ne mana, Malama, ya sauka."

Ta ce ba ta san wanne ba ne. Ta rufe murfin, ta tafi buɗe wa direban bas ƙofa, don ya riga ya iso yana ta danna ƙararrawa.